Haki da Sarƙewar Numfashi Yayin Motsa Jiki: Tambayoyi da Amsoshi

Koken da aka fi ji daga bakin masu fara motsa jiki a Kaduna, kama daga matasan da suke zagaye filin wasa na Ahmadu Bello da Dandalin Murtala har zuwa dattawan da suke tattaki a cikin unguwa bayan sallar asuba, shi ne na haki. Wasu yana sa su daina fita gaba ɗaya alhali lafiyarsu ƙalau, wasu kuma suna danne shi da sunan juriya alhali cuta ce take sanar da kanta. Amsoshin da ke ƙasa bayani ne domin fahimta, ba za su tsaya a madadin ganin likita ba.

Me ya sa mai lafiya yake haki idan ya yi gudu ko ya hau bene?

Tsokar jiki tana buƙatar iskar oksijin domin ta sarrafa abincin da yake ba ta ƙarfi, kuma a wurin wannan aiki tana samar da iskar kabon dayoksaid, wadda dole jini ya kwashe ta ya kai wa huhu a fitar da ita. Baligin da yake zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, iskar da take shiga da fita kuwa ba ta wuce lita 6 zuwa 8 ba. Idan ya shiga gudu mai tsanani, numfashin yakan kai sau 40 zuwa 50, iskar takan haura lita 100, zuciyar da take harba jini kimanin lita 5 a minti kuma takan ninka shi huɗu ko fiye.

Abin da yake tunzura numfashi a mafi yawan lokuta shi ne taruwar kabon dayoksaid da tsami a cikin jini, waɗanda ƙwaƙwalwa take lura da su nan take. Oksijin da ke jinin mai lafiya ba ya raguwa wani abin kirki ko da yana haki sosai. Saboda haka hakin da ya biyo bayan aiki mai nauyi aikin jiki ne na yau da kullum, kuma yakan lafa cikin 'yan mintoci da tsayawa.

Ta yaya za a bambance hakin da aka saba da wanda yake nuna rashin lafiya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma amsarta tana ga gwada mutum da kansa na watannin baya, maimakon gwada shi da abokin tafiyarsa. Dattijon da bara yake takawa zuwa masallacin Juma'a ba tare da tsayawa ba, bana kuma sai ya yada zango sau biyu a kan hanyar nan dai, wani abu ya canza a jikinsa. Haka matar da ta saba shara da wanki da ɗibar ruwa, amma yanzu sai ta zauna ta huta kafin ta gama share tsakar gida. Matsalar ita ce irin wannan canji yana zuwa a hankali, mutum kuma yana saba masa ba tare da ya ankara ba: tafiyar da yake yi da ƙafa sai ya koma hawa keke napep, benen da yake hawa a wurin aiki sai ya riƙa aiken yaro, idan an tambaye shi ya ce girma ne ya zo. Girma yana rage ƙarfi, amma ba ya hana mutum tafiyar mita 100 a shimfiɗaɗɗiyar hanya.

Likitoci suna da ma'auni mai hawa biyar, daga 0 zuwa 4. A hawa na 0 mutum ba ya haki sai a aiki mai tsanani. A na 1 yana haki idan ya yi sauri ko ya hau ɗan tudu. A na 2 sa'o'insa suna wuce shi a tafiya saboda numfashi, ko kuma sai ya tsaya ko da a takunsa na kansa yake tafiya. A na 3 yana tsayawa bayan kimanin mita 100, a na 4 kuwa ko sa tufafi yana sa shi haki. Duk wanda ya ga kansa a hawa na 2 ko sama da haka ya kamata ya je a duba shi, ko da babu inda yake masa ciwo.

A lokacin motsa jikin kansa, magana ita ce ma'auni mafi sauƙi. Wanda yake iya hira da na kusa da shi, amma ba zai iya rera waƙa ba, yana kan matsakaicin aiki. Wanda ba ya iya haɗa kalmomi uku ko huɗu sai ya ja numfashi ya shiga aiki mai tsanani, kuma mai farawa ba shi da buƙatar kaiwa nan.

Waɗanne alamomi ne suke wajabta a tsaya nan take a nufi asibiti?

Ciwo ko nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, musamman idan yana sauka hannun hagu ko yana hawa wuya da muƙamuƙi, jiri mai tsanani ko suma, bugun zuciya da ya rikice ya ƙi daidaita, leɓe ko harshe ya sauya launi ya yi duhu, tarin jini, da numfashin da ya ƙi dawowa daidai bayan an huta minti 10 zuwa 15. Haka nan sarƙewar numfashi da ta zo kwatsam tare da kumburin ƙafa ɗaya mai ciwo, musamman bayan doguwar tafiya a mota ko jinya a kwance ko haihuwa, domin tana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiyar huhu. A irin waɗannan yanayi ba a jiran gari ya waye, ba a biyawa ta kemis, kuma bai dace marar lafiyar ya tuƙa kansa ba.

Na daɗe ban motsa jiki ba, kuma da na fara sai haki. Shin in haƙura?

A'a, matuƙar babu alamomin da aka ambata. Rashin sabo shi ne dalilin haki da ya fi yawa, kuma daina motsi ƙara shi yake yi, saboda tsokar da ba ta aiki tana raunana, raunanniyar tsoka kuma tana buƙatar numfashi mai yawa a kan ƙaramin aiki, sai mutum ya ƙara jin tsoron motsi, sai raunin ya ƙaru. Ƙiba tana daɗa nauyin lamarin, domin ban da kayan da ƙafafu suke ɗauka, teɓa tana takura wa huhu wurin buɗewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce baligi ya yi matsakaicin motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, ko mai tsanani na minti 75 zuwa 150. Wannan inda aka nufa ne, ba a ce daga nan za a fara ba. Tafiyar minti 10 a rana ta isa mafari, a riƙa ƙara 'yan mintoci duk mako, a fara da taku a hankali na minti 5 zuwa 10 kafin a ƙara sauri. Yawancin mutane suna ganin sauƙi cikin mako 4 zuwa 6. Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne na magidancin da yake zaune a ofis ko shago mako guda cur, ranar Asabar kuma ya shiga ƙwallo da matasa na awa biyu. Idan ya haura shekara 40 kuma yana da hawan jini ko ciwon suga, wannan ganganci ne, kuma ya kamata a auna shi kafin ya fara.

Me ya sa lamarin ya fi tsanani da hunturu?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar Kaduna busasshiya ce, mai sanyi da safe, ɗauke da ƙura, ga hayaƙin ƙona bola da daji. Hanci ne yake tace iska ya ɗumama ta ya jiƙa ta, amma mai gudu da baki yake numfashi, don haka iskar takan isa hanyoyin huhu a bushe. Ga wasu mutane wannan yana sa hanyoyin su tsuke, sai tari ya taso, ƙirji ya matse, wani siririn sauti ya riƙa fita tare da numfashi. Abin da ya bambanta wannan da hakin rashin sabo shi ne lokacinsa: yakan fi tsanani minti 5 zuwa 15 bayan an gama motsa jikin, sa'annan ya sake cikin rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi. Mafi yawan masu asma suna fama da shi, kuma akwai waɗanda ba su san suna da asma ba sai ta wannan hanya. Yaron da kullum yake tari bayan ƙwallo, ko yake guje wa wasannin motsa jiki a makaranta, kada a yi saurin kiransa rago.

A ranakun da hazo ya rufe gari gara a motsa jiki a cikin gida ko a jinkirta har rana ta ɗaga, a nisanci gefen manyan tituna masu cunkoson motoci irin na Kawo da Kasuwar Bacci, a rufe hanci da baki da takunkumi ko mayafi, a kuma tsawaita ɗumama jiki kafin a shiga aiki sosai.

Gaskiya ne cewa wanda ya fara amfani da inhela ba ya iya rabuwa da ita?

Ba gaskiya ba ne, kuma wannan jita-jita ta cutar da masu asma da yawa. Maganin da ake shaƙa yana zuwa huhu kai tsaye, don haka ɗan kaɗan ake buƙata idan aka kwatanta da ƙwaya ko allura. Likita yakan ba mai asma shawarar ya shaƙi salbutamol, wato shuɗiyar inhela, sau biyu minti 10 zuwa 15 kafin motsa jiki. Sai dai tun 2019 ƙa'idojin kula da asma na duniya suka daina amincewa da a dogara ga wannan shuɗiyar inhela ita kaɗai, suka ce a haɗa da maganin shaƙa mai kwantar da kumburin hanyoyin numfashi. Abin tsoro na haƙiƙa shi ne ƙwayoyin prednisolone da dexamethasone da ake saya a kemis ana sha wata da watanni, waɗanda suke jawo hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi. Mai asma ya kuma sanar da likita kafin a rubuta masa magungunan hawan jini irin su propranolol ko atenolol, ya yi hattara da aspirin da diclofenac, domin suna tayar wa wasu da ciwon.

Ƙarancin jini yana kawo haki?

Ƙwarai kuwa, kuma a wannan yanki yana cikin dalilan da ya kamata a fara dubawa, musamman ga mata. Jajayen ƙwayoyin jini ne suke ɗaukar oksijin, idan sun yi ƙaranci sai zuciya da huhu su ƙara aiki domin cike giɓin. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar mutum a matsayin mai ƙarancin jini idan awon himogulobin ɗinsa, wato sinadarin da yake riƙe oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini, ya gaza giram 13 ga namiji, 12 ga mace, 11 ga mai ciki. Zazzaɓin cizon sauro mai maimaituwa, jinin al'ada mai yawa, haihuwa a kusa-kusa, tsutsar ciki da gyambon ciki mai zubar da jini duk suna haddasa shi. Gwajin PCV, wanda yake auna yawan jajayen ƙwayoyin jini, ba shi da tsada kuma ana yin sa a kusan kowane asibiti. Lemon malt da madara, wanda ake yawan ba marar jini, ba ya ɗauke da sinadarin ƙarfen da jiki yake nema. Hanta, nama, kifi, wake da ganyaye irin su zogale da alayyahu sun fi amfani, shan shayi tare da abinci kuma yana rage abin da hanji zai tsotsa. Mafi muhimmanci dai a gano inda jinin yake tafiya.

Yaushe ake zargin zuciya?

Idan hakin ya haɗu da kumburin ƙafafu biyu, ko mutum ba ya iya kwanciya sai ya tara matasan kai, ko yana farkawa cikin dare yana neman iska har sai ya tashi zaune ko ya buɗe taga. A Nijeriya hawan jinin da ba a kula da shi ba shi ne babban abin da yake kai zuciya ga gazawa, kuma mutane da yawa suna barin magani da zarar sun ji sauƙi. A wurin matasa kuma akwai lalacewar ƙofofin zuciya da take biyo bayan ciwon maƙogwaron da ba a yi maganinsa ba tun ƙuruciya. Samun ciwon zuciya ba ya nufin zaman wuri ɗaya, domin wanda ciwonsa ya daidaita a kan magani yana amfana da tafiya a ƙafa, amma likitansa ne zai tsara masa iyaka.

Mai ciki da mai jego fa?

Yawancin masu ciki suna jin numfashinsu ya yi sama-sama, da farko saboda sauyin sinadaran jiki, daga baya kuma saboda mahaifa ta tokare huhu, kuma wannan ba ya hana su tafiya a ƙafa. Ya kamata dai a faɗa a wurin awo domin a duba jini da hawan jini.

Na mai jego shi ne ba a wasa da shi. Akwai raunin tsokar zuciya da yake kama mace daga watan ƙarshe na ciki zuwa kimanin wata biyar bayan haihuwa, kuma Arewacin Nijeriya yana cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Likitocin Zariya ne suka yi fice wajen bayyana shi a shekarun 1970, inda aka kiyasta yana samun kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu, suka kuma danganta shi da wankan jego da kunun kanwa da kwanciya a gadon da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Binciken da aka yi daga baya bai tabbatar da wannan alaƙa ba, ya fi karkata ga hawan jinin ciki da rashin abinci mai gina jiki. Ko ma mene ne tushensa, mai jegon da take haki a kan ɗaukar jaririnta, ko ƙafafunta suka kumbura, ko take tari idan ta kwanta, asibiti za a kai ta ranar, kada a ce gajiyar haihuwa ce. Kanwa kuwa tana ɗauke da gishiri, don haka wadda take da hawan jini ta nisance ta.

Masu sikila za su iya motsa jiki?

Mai SS zai iya yin matsakaicin motsa jiki idan yana shan ruwa sosai, yana hutawa a kai a kai, yana kuma kauce wa tsananin sanyi da tsananin zafi. Sarƙewar numfashi tare da ciwon ƙirji da zazzaɓi a wurinsa lamari ne na gaggawa. Mai AS, wato gadon sikila daga ɓangaren mahaifi ɗaya kawai, wanda kusan ɗan Nijeriya 1 cikin 4 yake ɗauke da shi, yana wasanninsa kamar kowa, sai dai a atisaye mai matuƙar tsanani cikin zafi da ƙishirwa yana iya yanke jiki ya faɗi. Matasan da suke horar da kansu domin shiga aikin soja ko ɗan sanda su yi gwajin jini su san ko suna ɗauke da AS, su kuma ƙara nisan gudunsu sannu a hankali, musamman a zafin Maris da Afrilu.

Ina da tari da haki, kuma ban taɓa shan taba ba. Me zai iya jawo hakan?

Hayaƙin itace da gawayi a rufaffen madafi yana lalata huhu a tsawon shekaru kamar yadda taba take yi, shi ya sa ake samun tsofaffin mata da masu tuyar ƙosai da masu gashi da toshewar hanyoyin numfashi. Shisha ma taba ce, ruwan da hayaƙin yake ratsawa ba ya tsarkake shi. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa suna tayar da asma. Tarin da ya kai mako biyu kuwa, musamman da rama da zufan dare, a yi gwajin tarin fuka, wanda gwajinsa da maganinsa na wata shida kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Cibiyar horaswa ta ƙasa a kan wannan cuta ma a Saye take, kusa da Zariya.

Akwai dabarar da mutum zai yi idan numfashi ya sarƙe masa?

Ya rage sauri ko ya tsaya, ya ɗan sunkuya ya dafa gwiwoyinsa ko bango, ya saki kafaɗunsa. Sai ya shaƙi iska ta hanci yana ƙirga biyu, ya fitar ta baki da leɓe a tsuke, kamar mai hura koko mai zafi, yana ƙirga huɗu. Tsawaita fitar da iska shi ne sirrin, domin wanda ya firgita yakan yi ta ja ba tare da ya fitar da ta ciki ba. Iskar fanka ko mafici a fuska tana rage jin sarƙewar. A wurin ɗaga kaya ko hawa matakala, a fitar da numfashi a daidai lokacin yunƙuri, kada a riƙe shi. Ana koyon waɗannan ne a zaune cikin natsuwa kafin ranar buƙata.

Wane gwaji za a yi a asibiti?

Bayan tambayoyi da awon hawan jini da sauraren ƙirji, akan yi gwajin jini, hoton ƙirji da gwajin bugun zuciya na ECG, idan da buƙata kuma a yi hoton zuciya ko gwajin hura iska mai auna ƙarfin huhu. Ana iya farawa daga asibitocin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada ko Gwamna Awan a Kakuri, waɗanda sukan tura mai buƙatar ƙwararre zuwa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Zai taimaka wa likita idan aka zo da duk magungunan da ake sha, har na gargajiya, aka kuma iya faɗin lokacin da hakin ya fara da irin aikin da yake tayar da shi. Ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa domin auna oksijin na jini tana nuna 95 zuwa 100 ga mai lafiya, ƙasa da 92 kuma abin zuwa asibiti ne, amma sanyin yatsa da jan farce suna rikita ta, kuma takan nuna adadi sama da na gaskiya a kan baƙar fata, don haka kyakkyawan adadi ba hujjar zama a gida ba ne ga wanda yake shan wuya.

Yaya za a yi da azumi?

A sassauta. Tafiya marar nauyi dab da shan ruwa, ko motsa jiki bayan sallar asham, sun fi dacewa da mai azumi. Malamai sun yi saɓani a kan ko inhela tana karya azumi, kuma da yawa sun tafi a kan ba ta karyawa. Wanda asma ta taso masa dai ya shaƙi maganinsa nan take, ya nemi fatawa daga baya.

Mahaifinmu maniyyaci ne kuma yana haki a tafiya. Me za mu yi kafin tashi?

Aikin Hajji tafiyar ƙafa ne mai yawa cikin zafi da cunkoso. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya kai kimanin kilomita 3, ban da ɗawafi da zirga-zirgar jifa a Mina. A kai Baba asibiti wata biyu ko uku kafin ranar shiga sansanin alhazai na Mando, domin idan ƙarancin jini ne ko hawan jini ko asma a sami lokacin gyarawa, kada a ɓoye wa masu tantance lafiyar maniyyata komai don tsoron a hana shi kujera. Idan likita ya amince, ya fara tattaki kullum da takalmin da zai yi tafiya da shi, ana ƙara nisa har ya iya minti 30 zuwa 45 yana hira. A tanadar masa maganin da zai ishe shi har dawowa, a sa shi a jakar hannu tare da takardar likita, a kuma ware kuɗin keken turawa, domin shari'a ta halatta wa mai rauni ya yi ɗawafi da sa'ayi a kansa, ya kuma wakilta wani ya yi masa jifa.